Tunkiyar Inna da Ba Ta Cin Dusa

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa yarda da dukiyar da ba ta numfashi ba. In ta samu rara a cinikin turaren wutar da take yi a unguwarmu ta Paris-Congo, tunkiya take saya, ta miƙa wa wani makiyayi a bayan gari. Ƙa'idar kiwo sananniya ce: in dabba ta haihu makiyayi yana da rabonsa, kuma duk shekara mai dabba kan aika masa da shayi da sukari. Abin da take tara wa kuwa duk mun sani. Tun rasuwar mahaifinmu take zaune a ɗaki ɗaya cikin gidan gado, a tsakiyar ƙannensa da iyalansu. Ba wanda ya taɓa ce mata tashi, amma tana son gidan kanta kafin ta bar duniya.

Autanmu ya yi karatun na'urori a Faransa, ya samu aiki can. Wata shekara ya zo hutu ya tarar cuta ta kashe mata rabin tumakin. Sai ya kwance wata tsohuwar waya a gabanta, ya nuna mata wani ɗan baƙin abu da bai kai farce ba.

"Inna, wannan ita ce ƙwaƙwalwar waya. Akwai kamfanin da ba shi da aiki sai ƙera ta. Ki bari in saya miki hannun jari a cikinsa, in riƙe miki."

"Ana ganinsa da ido?"

"A'a."

"Yana haihuwa?"

"In Allah ya so."

"Kalas, shi ke nan, ai kiwo ne," in ji ta.

Ni ce babbar 'yarta, kuma ni na fi kowa faɗa. Kamfani ɗaya tal, a ƙasar da ba ta taɓa takawa ba! In ya durƙushe fa? Inna ta saurare ni har na gaji, washegari ta sayar da sauran tumakin, ta miƙa wa Auta kuɗin.

Daga nan muka shiga shekarun da har yau in na tuna sai na yi dariya. Duk ƙarshen damina Inna sai ta ƙulle shayi da sukari, ta ƙara da kilishi, ta nemi matafiyi ya kai wa Auta domin ya miƙa wa "makiyayan". Mun yi bayani har bakinmu ya bushe cewa mutanen kamfanin ba su san da zamanta ba. Ta ce ko ba su sani ba Allah ya sani, ita ba za ta ci gumin mutane ba gaisuwa. Auta dai ya yi ƙiba da kilishin. In ya bugo waya, kafin ta tambayi lafiyarsa sai ta ce, "Yaya tunkiyata? Afe, lafiya dai?" Shi kuma ya ce tana nan lafiya, tana gaishe ta.

Ba kullum take lafiya ba. Akwai shekarar da darajar hannun jarin ta zube har Auta da kansa ya tsorata, ya ce ko a sayar a tsira da abin da ya rage. Na ƙwace wayar na ce a sayar yau yau. Inna ta karɓe ta daga hannuna.

"Kai Auta, mutane sun daina sayen waya ne?"

"Ba su daina ba, Inna."

"To rani ne. Wa ke sayar da dabba da rani? Ƙashi za ka kai kasuwa?"

Kada wani ya ɗauka ilimin kasuwa ne ya sa ta faɗi haka. Taurin kai ne, irin wanda na gada. Ni na ga yadda ta riƙa tura tuwo gefe a makonnin nan, tana cewa wai zafin gari ne. Ɗan wata maƙwabciyarmu ma ya yi irin haƙurin nan da wani kamfani dabam, ya tashi a tutar babu. Tunkiyar tamu dai Allah ya ƙaddara za ta tashi, ta kuwa tashi. Har wata rana Auta ya ce kamfanin ya rarraba kowane hannu ɗaya ya zama da yawa. Ya yi ta nanata cewa dukiyar ba ta ƙaru ba, yanka ta aka yi ƙanana. Ina! Inna ta riga ta rangaɗa guɗa, ta sa an dama kunun gyaɗa an raba wa yaran gida, tunkiya ta haihu.

Shekaru sun haura goma kafin mu ji labarin wani ɗan ƙaramin gida na sayarwa a unguwar Goudji, ɗaki biyu da rumfa. Auta ya duba ya ce abin ya isa har da saura. Sai Inna ta kafe: sai an fara cire rabon makiyayi, kuma makiyayin da ta sani shi ne Auta. Ya ce shi ba zai karɓi komai a hannun uwarsa ba. Ta ce to gidan ya haramta gare ta. Mai gidan yana jira, wani mai saye yana zagaye, su kuwa suna ta ja-in-ja a waya. Raina ya ɓaci na ce masa, "Kai, karɓi, kada ka sa tsohuwa ta rasa gida saboda kunyarka!" Ya karɓa, ya sayi tikitin jirgi da shi, ya zo tarewa.

Ranar tarewar gidan ya cika maƙil. Dangi daga Paris-Congo, ƙawayenta daga unguwar Chagoua, jikoki suna tsere a tsakar gida, turare ya turnuƙe ko'ina. Ban taɓa ganin Inna da fara'a irin ta ranar ba, ni ma farin ciki ya sa na yi ta kuka ba kunya. Bayan la'asar baƙi suka watse, ni da Auta muka baje a tabarma, don mun shirya kwana tare da ita kada kaɗaici ya dame ta. Ta tsaya a kanmu tana gyara ɗaurin zani.

"To, na gode, Allah ya yi muku albarka. Yalla, ku tashi."

"Mu tashi mu je ina, Inna?"

"Ku je inda kuka saba kwana. Daga gidan ubana aka kai ni gidan ubanku, ban taɓa rufe ƙofar gida da hannuna ba. Yau ni zan rufe."

Muka fita titi riƙe da takalmanmu muna dariya. Muna tsaye muka ji ta tura sakata, ta zare, ta sake turawa.