Allon da Inna ta hana a kafa wa ƙusa

Jiya ina tsugune ina sake wa allonmu na "Barka da Zuwa" fenti, sai Inna ta fito ta tsaya a kaina.

Da murfin tsohon akwati na yi shi, shekarar da muka gudo daga Bama. Na zana masa furanni irin na lalle, na huda shi na zura igiya. Gidan haya uku ya zaga da mu, daga Gwange har Bulumkutu, kuma ko'ina a ƙarfen taga muke rataye shi. Inna takan ce baƙo ba ya kafa ƙusa, ranar komawa gida zarewa kawai za mu yi.

Ina neman sabuwar igiya sai ta ce, "Falmata, bar igiyar nan. Je ki aro guduma a maƙwabta."

Na ce, "Inna, Bama fa?"

Ta dubi 'ya'yana biyu suna wasa a bakin ƙofa. "Bama tana nan inda take. Amma waɗannan, nan aka binne cibiyarsu."

Ƙusa huɗu muka kafa. Ta ƙarshe da hannunta ta buga, ta ɗan karkace, kuma ban gyara ba.

Ku fa, me kuka rataye har yau kuna jiran ranar tafiya?