Muryar Alhaji Mudi da Na Sayar

Kafin a ɗaure ni, tafinta ne ni a Guangzhou ta ƙasar Sin. In 'yan kasuwarmu na Kano sun sauka, ni nake raka su kasuwar Sanyuanli, in yi musu ciniki, in mai da su masauki. Ban tara komai ba, amma ba wanda ya taɓa zargina da ɗaukar ko allura.

Da kasuwa ta ja baya, na samu aiki a wani ƙaramin ofis a unguwar Panyu. Asibitocin kuɗi na ƙasashe daban-daban ne ke turo maganar likita da mara lafiya da aka naɗa, mu saurara, mu buga a kwamfuta, mu mayar musu. An ɗauke ni ne saboda wasu muryoyin daga Najeriya suke zuwa, Hausa da Turanci a cakuɗe. Ranar farko mai ofishin ta ja mini kunne cewa abin da na ji a nan, a nan zai tsaya. Na ce to, hankalina yana kan albashi.

Da hira abin ya fara. A gidan abincin da muke taruwa bayan sallar Juma'a, sai in kawo labarin wani mara lafiya a yi ta dariya. Ba na faɗar suna, don mu ma lamba kawai muke gani, saboda haka na ɗauka ba laifi. Gaskiya na ji daɗin yadda ake matso mini kujera in na shigo.

Wata rana ina cikin aiki sai na ji muryar Alhaji Mudi. An cire suna, amma mutumin da na yi shekaru ina bin sa kasuwa, ko tari ya yi zan gane shi. Likita yana gaya masa ciwon daji ne a hanji, sai an yi aiki. Alhaji ya ce, "Likita, don Allah ko iyalina kada su ji tukuna."

Alhaji Mudi da sautu yake ci da gidansa. Masu ƙananan shaguna a Kano da ba su da halin zuwa Sin, su ke damƙa masa kuɗinsu ya sayo musu kaya. Irin wannan mutum, da an ji ba shi da lafiya kowa zai janye nasa, don gudun kada ya rasu dukiyar mutane ta shige rabon gado. Na san haka sarai. Na kuma san wani Ɗanliti da ya daɗe yana harin kwastomomin Alhaji, kuma da ƙafata na je na same shi.

Ɗanliti ya ce, "Malam, maganar baki ba hujja ba ce. Kawo muryar." Na naɗe ta a wayata na tura masa, ya sallame ni. Nan da nan ta bazu a wayoyin 'yan kasuwa. Matar Alhaji a wayar maƙwabciyarta ta fara jin ciwon mijinta.

Asibitin ya bi sawu har ofishinmu, kwamfuta ta nuna ni na buɗe muryar, 'yan sanda suka zo suka tafi da ni. Kotu ta ɗaure ni kan sayar da sirrin mara lafiya. Na yi zaman gidan yari inda ba mai jin Hausa, ba wanda zan ba labari sai bango. Da na gama aka sa ni a jirgi, aka ce kada in sake dawowa.

Na daɗe a Kano ina kewaye unguwar su Alhaji Mudi kafin na iya zuwa. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ya rame. Na durƙusa na ce, "Alhaji, ni ne. Ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Tashi, ɗan nan, na yafe. An yi aikin, kuma Allah ya ba ni lafiya. Sai dai har yau ba wanda ya ƙara ba ni sautun ko takalmi. In na shiga kasuwa, ya jiki ake ce mini, ba mai tambayar yaushe zan tafi Sin."

Na tuba, kuma na gaji da tuna wannan magana. Ku matasa, yanzu da yawanku aikinku a kwamfuta yake, kuna ganin sirrin mutanen da ba su san kuna gani ba. Kada ku kai shi majalisa ko da wasa, ni ma da wasa na fara. Ni na gama zamana na fito. Alhaji Mudi yana nan a ƙofar gida, da lafiyarsa, ba abin yi.