Guntayen Taɓarya

Faɗa mafi girma da Yaya ta taɓa yi da ƙanenta a kan taɓarya ne. Ta fito da hantsi za ta yi daka, ta duba bayan ƙofa ba ta gan ta ba, ta duba ƙarƙashin gado, ta wanke maƙwabta tas da zagi alhali ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sai da ta leƙa shagonsa da ke jikin katangar gida, ta same shi a tsugune da zarto, ya riga ya datse wa taɓaryar kai, yana hure garin katako daga wandonsa.

"Auta, me idona yake gani?"

"Yaya, itacen nan ya bushe yadda ake so. Na zaga kasuwar katako kaf, ban samu irinsa ba."

"Ai ni ma na bushe. Taso ka yanka ni."

Wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba. Abinci kam tana ajiye masa a bakin ƙofa, sai dai gishirin ne ta riƙa mantawa.

Auta ake ce masa har gemunsa ya yi fari fat, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Sana'arsa gyaran bindigar farauta. Ya koya a hannun wani tsoho da ke yi wa masu gadin daji gyara, ya kuma gaji taurin kansa duka: bindigar da ba ta da takarda ba ya ko kallonta. Matarsa ta rasu da wuri, ta bar masa 'ya ɗaya, wadda ta girma ta tafi aiki wani gari mai nisa. Daga shi sai Yaya, sai shago mai taga ɗaya da warin mai.

Abin da ya yi suna a kai shi ne cire bututu. Bututun bindiga a murɗe yake cikin jikinta kamar murfin kwalba, in ya shekara ashirin yana shan hayaƙi da tsatsa sai ya kafe. Sauran masu gyara ba sa ɓata lokaci. Sifanar masu gyaran famfo suke ɗaukowa, mai haƙoran nan, su cafke bututun su fizge. Yana fita kuwa, amma shaidar haƙoran tana nan a jikin ƙarfen har mai ita ya mutu ɗansa ya gada.

Shi Auta, guntun katako biyu yake fafewa daidai kaurin bututun, ya barbaɗa musu garin ƙaro don kada su yi santsi, ya rungume bututun da su, ya sa cikin matsin ƙarfen da ke kafe a teburinsa ya ɗaure tamau. Sannan ya kama jikin bindigar da wata sifana marar haƙori da ya ƙera da hannunsa, ya zura mata dogon ƙarfe, ya danna. Kowace bindiga da katakonta. Wata sai ya kwana uku yana fafa yana gwadawa kafin ya yarda. In ya gama, ya ɗaure guntayen biyu da zare ya rataye a bango, har bangon ya cika. Na taɓaryar Yaya suna can sama, sun yi baƙi da mai.

"Mutane na tara 'ya'ya da jikoki, kai kana tara itace," in ji Yaya duk sanda ta kawo abinci. Amma a gidan biki ko wajen gaisuwar mutuwa, in aka taɓo zancen maharba, ita ce mai cewa shekara arba'in ƙanenta bai taɓa barin ko ƙwarzane a jikin bindigar mutum ba. Ba ta taɓa faɗa a gabansa ba, kada kansa ya kumbura.

Tsufa bai yi masa sallama ba. Kafaɗar dama ce ta fara, sai hannun ya soma rawa, har shayi ya koma sha da hannu biyu. Ana cikin haka wani manomi ya kawo bindigar da ya gada, bututunta ya ci tsatsa ta ciki, sai an sauya. Aladun daji sun addabi gonarsa, ga amfani ya kusa nuna. Auta ya ce ya dawo bayan kwana biyar.

Ya fafe katako, katakon ya zauna daram. Matsin ne ya gagare shi ɗaurewa. Ya ɗaure iya ƙarfinsa, ya danna ƙarfen, sai bututun ya juya cikin katakon yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya sake fafe wani. Ya ƙara ƙaro. Ya jiƙa gindin bututun da mai ya bari ya kwana. Haka dai.

Ran na huɗu Yaya ta shigo da kwano ta same shi zaune a kan benci, hannayensa a cinya, yana kallonsu kamar na aro.

"Tashi mu gwada tare," ta ce. "In ba ƙarfi ai akwai nauyi."

Suka kama hannun matsin su biyu suka ja, sannan suka rataya a jikin dogon ƙarfen, tsofaffi biyu, ita tana nishi shi yana tari. Bututun ya sake juyawa cikin katakon abinsa. Yaya ta zube a kan benci tana riƙe da ƙugu. A nan ƙafarta ta bugi wani abu mai nauyi a ƙarƙashin tebur, naɗe cikin jarida. Ta jawo ta buɗe. Sabuwar sifana ce mai haƙora, jan fentinta ko gogewa bai yi ba.

"Yaushe ka sayo wannan karen?"

"Shekaranjiya."

"Ka ba shi ya ciza?"

"Ban ba shi ba tukuna."

Washegari manomin ya zo tun kafin rana ta yi zafi. Yaya na zaune a bakin ƙofa tana tsince wake, kunnenta na ciki. Auta ya gaya masa gaskiya. Manomin ya hangi sifanar a kan tebur ya yi dariya.

"Haba Baba, ga maganin abin a gabanka! Sa mata kawai. Aladun nan ba za su tsaya duba tabo ba. Ni na yafe."

Auta ya ɗauki sifanar. Ya buɗe bakinta, ya ɗora a kan bututun, ya soma matsewa a hankali har haƙoran suka kusa taɓa ƙarfe. Yaya ba ta ɗago kai daga farantin wakenta ba.

"Shi ya yafe," ta ce. "Ni fa? Wata biyu ina yawon aron taɓarya gida gida kamar marar gata, don kada abin nan ya shigo shagon nan. In da haƙori za ka ƙare, me ya sa ka yanka min ita?"

Auta ya sassauta sifanar ya ajiye. Ya kwance matsin, ya fitar da bindigar, ya goge ta da tsumma daga baki har ƙota, ya miƙa wa mai ita da hannu biyu.

"Akwai mai gyara a bayan tashar mota. Kai masa, yau zai cire maka."

"Da me zai cire?"

"Da irin wannan," Auta ya ce, ya nuna sifanar da haɓa.

Manomin ya dube shi, ya dubi tsohuwar, ya girgiza kai ya fita. Yaya ta naɗe sifanar a jaridarta ta sa a hammata, ta ce dama famfon gidan ya shekara yana ɗiga.

Auta bai sake karɓar aiki ba. Yakan buɗe shagon da safe ya share, ya zauna, ya rufe. Bayan wata uku 'yarsa ta zo da mota ta ce ba za ta bar shi ba, can kusa da ita akwai asibiti. Bai yi musu ba, abin da ya fi ba Yaya tsoro ke nan. Kuma daga wannan tafiya bai dawo ba.

Ranar tafiyar, an gama loda kaya, ya koma shago ya hau benci da ƙyar, ya sauko da guntayen nan biyu baƙaƙe. Ya shiga mota, ya miƙo wa Yaya su ta taga.

"Yaya, ga taɓaryarki."

Ta karɓa ta jujjuya su, ta shinshina, ta yamutsa fuska. Sai ta cusa masa su a cinya, ta danne hannunsa mai rawa a kansu.

"Doguwa ka ɗauka, doguwa za ka dawo min da ita. Riƙe tarkacenka. Kuma ka riƙa cin abinci, ka ji ko, Auta?"