Tozon Watanda da Mai Jakar Ƙwallaye

A littattafan da na tashi da su, idan motar saurayi za ta lalace, a ƙofar gidan su yarinyar take lalacewa. Ba gaba ba, ba baya ba. Idan budurwa ta yi tuntuɓe a kasuwa, hannun da zai tare ta na wani dogo ne mai ƙamshin turare, wanda jiya-jiya ya dawo daga karatu. Na karanta irinsu sun fi buhu, ina karɓo su haya wurin wata mata a unguwarmu a Gumel, kuma ban taɓa tambayar sau nawa hakan ke faruwa a duniya ba. A wurina abu ko dai rabo ne, ko ba rabo ba ne. Da wannan zurfin ilimi na tunkari jarabawar shiga digiri na biyu.

Ina aiki a ofishin ilimi a Gagarawa. An ce za a ba ni hutun karatu idan na ci a shekarar. Idan na faɗi, layi ya wuce kan wata, ni kuma sai ranar da Allah ya yi. Zama ɗaya ke gare ni. Turanci bai dame ni ba, lissafin ma da dama-dama, in ban da sashen da ake kira lissafin yiwuwa, wato auna yadda abu zai iya faruwa ko ya ƙi.

Masu rubuta tambayoyin nan, Allah ya ƙara musu lafiya, suna da wani bawan Allah mai jaka. Ba ya saka goro a ciki, ba ya saka waya, ƙwallaye yake zubawa, sannan ya bi mutane yana cewa su sa hannu ba tare da sun leƙa ba. Ba mata, ba sana'a, ba wadda yake so. Tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: ƙwallo biyar a jaka, ɗaya ja. Mutum biyar za su ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ba a mayarwa. Mene ne yiwuwar na huɗu ya ɗauki jan?

Yayana malamin lissafi ne a Sule Tankarkar, duk Asabar yake zuwa gida, shi yake duba mini.

“Auta, me kika rubuta nan?”

“Ɗaya cikin biyu, Yaya. Ai biyu suka rage.”

“Wa ya gaya miki jan yana cikinsu?”

“To wancan satin na ce ba shi da rabo, ka ce ba haka ba.”

“Wancan satin kin kashe shi, yau kin mai da shi jarumin littafi. Ɗaya cikin biyar ne, daidai da na farko.”

Na haddace amsar, amma zuciyata ba ta yarda ba. Da an canza ƙwallaye zuwa bakwai sai in koma gidan jiya. Ta yaya na ƙarshen layi zai yi daidai da na farko? Ni na san ƙarshen layi, a nan nake zaune.

Duk shekara, ana jibi ƙaramar Sallah, mu matan ofis goma mukan yi watanda. A sayo sa ɗaya daga kasuwar Maigatari, mahauci ya yanka a bayan ofis, ya kasa kashi goma. Al'adarmu ba a daddatsa tozo. Ɗungurungum ake ɗora shi kan kashi ɗaya. Sai a rubuta lambobi a 'yan takardu goma, a nannaɗe, a zuba a kwano, a rufe da mayafi. Ɗauka kuwa bisa girma ake yi. Hajiya, shugabar sashenmu, ita ce farko. Ni, ƙaramar kowa, ni ce ƙarshe. Kowa ta ɗauka nan take take buɗewa, don haka kafin kwano ya iso gare ni an daɗe da yin guɗar tozo, sai a miƙo mini takarda ɗaya tilo, a ce, “Zaɓi, 'yar nan.” Shekara huɗu ina zaɓe tsakanin abu ɗaya.

A waccan shekarar saura mako uku jarabawa. Ina zaune kan benci a inuwar darbejiya da littafin tsofaffin tambayoyi, mahauci yana ta sara. Na dubi kwanon, na dubi shafin, sai na ga ashe mai jakar nan ya biyo ni har Gagarawa, mayafi kawai ya yafa.

Na juya bayan littafin na fara rubutu. Kafin tozo ya iso gare ni, sai Hajiya ta kuskure shi: tara bisa goma. Sai ta biyu ma ta kuskure: takwas bisa tara. Ta uku: bakwai bisa takwas. Haka na jera su har zuwa ɗaya bisa biyu, na sa alamar sau a tsakani. Tarar sama ta soke tarar ƙasa, takwas ta soke takwas, suka yi ta cinye juna, aka bar ni da ɗaya bisa goma. Rabon Hajiya ma ɗaya bisa goma. Na sake yi, haka ya fito. Ashe tun kafin a ɗaga mayafi, takardar tozo hannu ɗaya za ta faɗa cikin goma, kuma ba ta san mai furfura ba. Abin da ke ruɗa ni shi ne ina auna rabona bayan an riga an buɗe na wasu, ba kafin a fara ba.

Da na yi shiru da na ci riba. Amma wadda ta tashi da littattafai ba ta iya gano gaskiya ta riƙe a ciki.

“Hajiya, ashe duk ɗaya ne! Na farko da na ƙarshe, rabonsu ɗaya.”

Ta sauke tabarau. “Au, karatun naki har ya iso kan nama?”

“Wallahi Hajiya, ga shi a rubuce.”

“Wato duk shekarun nan da ake ba ni farko, aikin banza ake yi mini?”

“A'a Hajiya, girman yana nan. Tozon ne babu ruwansa.”

Wata daga baya ta ce, “Ku ba Farfesa hanya.” Aka kwashe da dariya, har mahauci.

“To bismillah, Farfesa,” in ji Hajiya. “Bana ke ki fara. Ni na ɗauki ragowa.”

A littafi, nan ne hannuna zai faɗa kan tozo, kowa ta ji kunya. Na sa hannu ƙarƙashin mayafi, na zaro takarda, na buɗe. Lamba huɗu: nama daidai gwargwado, da wutsiya a kai. Ta biyu ta buɗe, babu. Ta uku, babu. Aka yi ta tafiya, dariya tana raguwa, har ya rage takarda ɗaya a kwano. Hajiya ba ta ma buɗe ba, tozon kawai ta nuna wa mahauci.

“Ka gyara mini shi da kyau. Farfesa, Allah ya ƙara basira.”

Suka tashi da darasi ɗaya: albarka tana ƙarshen layi. Ni na tashi da wutsiya da kuma ɗaya bisa goma, kuma a karon farko ban ji an cuce ni ba. Da Asabar na nuna wa Yaya shafin. Ya duba ya daɗe, ya ce, “Wata biyu ina fama da ke, ashe sa kike jira.”

Ranar jarabawa na shiga da ɗan tsammanin dogon nan mai turare zai zauna kusa da ni ya ari biro. Wani dattijo mai mura aka ajiye mini. Mai jaka ya zo kamar yadda ya saba, amma ya yi sabon salo: makullai shida, ɗaya ne ke buɗe ƙofa, ana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Mene ne yiwuwar na huɗu ya buɗe? Na ga mata shida da kwano. Na jera biyar bisa shida, huɗu bisa biyar, uku bisa huɗu, ɗaya bisa uku, na bar su suka cinye juna. Ɗaya bisa shida.

Sunana ya fito, hutun karatu ya tabbata. Hajiya ce ta sa hannu a takardar.

Da watanda ta zagayo na zo hutu, na tarar da ladabin da ban taɓa gani ba a ofishin nan. Mata tara sun tsaya a kan kwano, kowa na ja da baya, tana tura 'yar'uwarta gaba.

“Haba Anti, ke ce babba, fara.”

“A'a wallahi, na yafe miki.”

Nama na shan rana, ƙuda sun fara taruwa. Na ajiye jakata, na ɗaga mayafin, na sa hannu.