Jitocin da Orval Tackett Ya Kulle

Orval Tackett dillalin tayoyin mota ne a wani ƙaramin gari kudu da birnin Nashville na Amurka, kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kaɗa waƙa ɗaya ta kai ƙarshe ba. Amma da zarar an tayar da zancen jitar ƙarfe, wadda ake girkewa kan ƙafa huɗu kamar tebur, ana goga wa tsirkiyoyinta sandar ƙarfe ana taka feda, to kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, gwani ya iso.

Yana saurayi ya gwada koyo. Mai koya masa ya daure iya daurewa, sannan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, ka riƙe tayoyin nan da kyau." Orval bai taɓa yafe wannan magana ba. Da kuɗi suka zauna masa, sai ya shiga bin tsofaffin makaɗa gida-gida, musamman waɗanda ciwo ya kwantar ko kwalbar giya ta karya, yana raba su da jitocinsu. Ya gina wa jitocin ɗaki a bayan gida har da na'urar sanyaya iska, alhali matarsa Lorene tana kicin tana suyar kaza, gumi na tsiyaya.

Duk baƙon da ya yi kuskuren zuwa cin abincin Lahadi sai an ja shi ɗakin nan.

"Ka ga jar can? Irinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Fedarta laushi kamar man shanu. In ta yi kuka, ƙato da gemunsa sai ya tuna uwarsa."

"To ɗan taɓa mana mu ji."

"Yau akwai danshi," in ji Orval, yana laluben makulli.

Lorene kuwa ta ce tun da suka yi aure danshin nan bai taɓa ɗagawa ba.

Wata rana Doyle Spurlock ya zo, hula a hannu. Tsohon makaɗi ne, shi ya sayar wa Orval wata baƙar jita lokacin da matarsa ke kwance a asibiti.

"Orval, jikata za ta yi aure ranar Asabar. Ara mini baƙar nan na yini ɗaya."

"Haba Doyle! Ka kai ta inda ake gasa nama, yara na yawo da maiƙo a hannu? Ai ta wuce wannan yanzu."

"Ta wuce kiɗa?"

"Ta zama tarihi."

Doyle ya mayar da hularsa ya fita, ko shayin da Lorene ta zuba masa bai taɓa ba.

Da bazara makaɗan gundumar suka shirya taronsu a filin baje-koli, suka gayyaci Orval ya kawo kayansa a gani. Ya zo da sabuwar hula da takalmi mai ƙyalli, ya yi jawabi har mutane suka fara hamma. Yabo ya ɗebe shi, ya yarda Marvella Goins, wadda ke kaɗa wa mawaƙan rediyo, ta gwada baƙar jitar.

Marvella ta zauna ta taka feda. Ko motsi. Man da ke cikin ƙarafan ya daɗe da bushewa ya zama danƙo. Ta ƙara ƙarfi, sai ji aka yi ƙas! Sandar da fedar ke ja ta ɓalle, jitar ta saki wani kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Ke wace irin ƙafa gare ki?" Orval ya daka mata tsawa. "Tarakta kika saba tukawa?"

Daga bayan taro Doyle ya ɗaga murya. "Bar yarinya, Orval. Shekara da shekaru jitar nan tana hannuna ana zuba mata giya da tokar sigari, ko tari ba ta yi ba. Hutun da ka ba ta ne ya kashe ta."

Dariya ta ɓarke. Orval ya loda kayansa a mota, kunnuwansa jajawur, ya koma gida ya ƙara wa ƙofar ɗakin jitocin kwaɗo. Har ya tsufa yana gaya wa masu sayen taya cewa makaɗan zamani ba su san darajar kaya ba.

Da ya mutu, fasto ya nemi wanda zai kaɗa jitar ƙarfe a jana'iza. Kowane makaɗi a gundumar ya ce yana da uzuri ranar. Da fiyano aka yi.