Hular Dakta Zulkifilu

A Agege aka haifi Zulkifilu Ɗahiru, ɗan mahauci, a gidan da wucewar jirgin ƙasa ke sa kwanuka rawa. Ya yi karatu har ya zama dakta a ilimin zamantakewar al'umma, ya koyar a jami'a shekara ashirin da biyu. 'Yan dakon kasuwar Mile 12 ba su damu da wannan ba. Su dai Dakta mai hula suka sani.

Wata shekara aka kama 'yan dako tara bayan rikici a kasuwa. Ya bi ofisoshin 'yan sanda yana nemansu, sai ya tarar ba wanda ya san sunayensu na yanka. Wannan Ɗan Gusau, wancan Dogo, a bakin masu tsaro kuwa kowa "aboki" ne. Bakwai ya fitar. Biyu har yau shiru.

Tun daga nan ya sa tela ya riƙa ɗinka ɗan ƙyalle a cikin hular kowane ɗan dako: sunansa, sunan mahaifinsa, garinsu, da lambar wayar wani nasa. Duk Asabar yakan sa tsohuwar riga, ya zauna kan buhun albasa yana rubutu.

"Dakta, ni ai uwata ta san sunana," in ji Audi, shugaban 'yan dako.

"Uwarka tana Illela. Miƙo hular, tsoho."

"To taka fa?"

"Ni wa zai ɓatar da ni a garin da aka binne cibiyata?"

A jami'a ana cewa ya bar bincike ya koma ɗinki. Wasu manyan kasuwa suka ce ɗan tayar da fitina ne. Sau biyu aka tsare shi, yana fitowa ya koma kan buhunsa. Mutane da yawa sun kwana a gida saboda ƙyallen nan, gawawwaki kuma sun koma hannun danginsu.

Wata Asabar da damina ya fita da tsohuwar rigar. Ya bar waya da katin shaidarsa a gida, kamar yadda ya saba in zai shiga cunkoso. Bai isa kasuwa ba, bai kuma dawo ba.

Matarsa Mariamu ta je wurin Audi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Malam Audi, in ma ya rasu ne, kar a haɗa min shi da gawawwakin da ba su da kowa, ba wanka ba salla."

'Yan dako suka ajiye kaya. Suka rabu bibbiyu suna bin asibitoci, yadda shi ya koya musu: a tambayi marasa suna, a duba hannu, a juya hula.

Rana ta huɗu, a wani asibiti kusa da Ogba, ma'aikacin ɗakin gawa ya ce akwai wani aboki da ya yanke jiki ya faɗi a tashar motocin haya na danfo. Ya miƙo wa Audi hula. Audi ya juya ta. Ba komai a ciki sai zufar shekaru. Aka yaye mayafi, ya ga fuskar, ya ga tabon biro a yatsan dama.

"Oga, ɗauki alƙalami," in ji Audi. "Zulkifilu ɗan Ɗahiru. Agege." Bai matsa ba sai da ya ga an rubuta, ko da yake shi bai iya karatu ba.

Kafin la'asar aka sallace shi. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna ɗaukar buhunan wasu suka hana a sa makarar a mota. A kafaɗa suka kai shi.

Da Mariamu ta fita takaba, ni da nake maƙwabcinsu na je gaishe ta, na same ta da hular a cinya, da allura, tana ɗinka ƙyallen sunansa a ciki.

"Sau nawa na ce ya kawo," ta ce. "Kullum sai ya ce layi bai zo kansa ba."

Ta ciji zaren ta yanke, ta rataye hular a ƙusarta ta bayan ƙofa.