Kawu Iro da Ajin Bakin Kududdufi

Da damunar bana shekara bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Malam Iro, malamin elementare a nan Tudun Wada. Allah ya jiƙansa. Ba zan cika ku da yabo ba, shi ma ba ya so. Rigimar da na gada a wurinsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya yi aji biyu a hannunsa ya san halinsa. Ran Laraba sai ya ja ƙofar aji, ya tasa mu gaba zuwa kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin unguwa, ya ce kowa ya zauna, ba motsi, sai tsuntsayen da muka kora sun dawo. Ni da zama ke yi wa wuya, kamar in fashe. Amma a nan na ga ƙwan kwaɗo ya zama talibambam, ya yi ƙafa, wutsiya ta ɓace. Da na je makarantar gaba, 'yan ajinmu hoton abin suke haddacewa a littafi, ni kuwa na riƙe shi a tafin hannuna.

Yau ni ke koyar da ajin nasa, kuma ban daina fitar ba. Makon jiya ɗalibata Ladidi ta ɗebo talibambam a gwangwani, tana so ta ga fitowar ƙafarsu da idonta. Ta rasa wurin ajiya, ta juye a randar babanta. Alhaji ya sa moɗa zai sha, ya ga abu yana wutsil-wutsil. Har makaranta ya zo da moɗar a hannu.

"Malama, karatu na kawo ta, ko kiwon kwaɗi?"

Na ce, "Alhaji, ka ba ta tsohuwar tukunya mana, a huta."

Hedimasta, da ke tsaye yana jinmu, bai yi dariya ba. Ya ce daga yau ba yaron da zai taka waje, in na sake zai kai ƙarata hukumar En'e mai kula da makarantu a karɓe ajin.

Da Kawu na nan me zai ce? Na san shi. Zai je zauren Alhaji bayan la'asar ya ba da haƙuri, ya daɗe ana hira, yana miƙewa kuma ya tambaya, "Af, sun fara ƙafar kuwa?" Haƙurin randa na je na bayar, don ruwan shan mutum ba abin wasa ba ne. Na kududdufi kam ba zan bayar ba. Yarinyar da ta damu ta ga yadda halittar Allah ke girma ba ta lalace ba, ta fara karatu ne.

Kawu bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Abin da ya rage nasa shi ne yaran da suka iya tsayawa su duba abu da kyau kafin su buɗe baki, kuma ba a hannuna wannan zai yanke ba. Ranka ya daɗe Hedimasta, in ajin za ka karɓa, sa takalmin da ba ka tausayinsa, don a bakin ruwa za ka same mu.